Makarantar Bayan Kanti: Sharhi Kan Hirar Horton da Freire

Lokaci-lokaci takardar gayyata kan shigo Sabo, ana neman matasa biyar ko goma su halarci taron bita na "horar da shugabannin gobe". A tafi otal, a yi kwana biyu ana kallon majigi, a ci shinkafa da kaza, a karɓi satifiket da kuɗin mota, a dawo gida. Akwai yaranmu da suka tara irin wannan takarda har ta cika jaka. Amma ranar da aka kwashi 'yan okada aka yi caji ofis da su, ko aka wayi gari an manna wa rumfuna takardar tashi, babu mai tuna jakar nan. Waɗanda ake buga wa waya su ne dai na jiya da shekaranjiya, dattawa uku ko huɗu da ƙafafunsu suka gaji da hawa benen ofisoshi. To ina shugabannin da aka horar? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauko wani tsohon littafi na Turanci domin mu duba shi tare, saboda mutum biyun da ke magana a cikinsa a kan wannan aiki suka ƙare rayuwarsu, kuma nasu ya yi 'ya'ya.

Sunan littafin We Make the Road by Walking. Ya fito a Amurka a 1990, bai kai shafi 300 ba. Ba zama aka yi aka rubuta shi ba, hira ce aka naɗa. A watan Disamba na 1987 aka haɗa tsofaffi biyu, Myles Horton mutumin jihar Tennessee mai shekara 82, da Paulo Freire mutumin Birazil mai shekara 66, suka yi kwanaki suna tattaunawa rakoda tana ɗauka. Daga baya Brenda Bell da John Gaventa da John Peters suka juye maganar a takarda, suka tsara ta babi shida. Horton bai ga fitowar littafin ba, ya mutu a watan Janairu na 1990. Turancin ba mai wuya ba ne. Freire da harshen aro yake magana, shi kuwa Horton bakinsa na mutanen ƙauye ne, ba ya son manyan kalmomi. Duk wanda ya gama sakandare zai iya binsa.

Horton ɗan talakawa ne. A 1927, yana ɗalibi, aka tura shi wani ƙauyen kan dutse mai suna Ozone ya koyar da yara karatun coci lokacin hutu. Sai ya kira iyayen yaran taro da dare. Suka zo da abin da ya dame su, rashin aikin yi da ciwo da ruwan sha, suna jiran ɗan makaranta ya ba su amsa. Ba shi da ita. Da ya rasa ta cewa sai ya juya musu tambayar: a cikinku wa ya taɓa fama da wannan, yaya kuma ya yi? Nan ya ga wannan ya san ɓangare, wancan ya san ɓangare, in an harhaɗa sai amsa ta kusa cika. A kan wannan ɗan abu ya gina aikinsa gaba ɗaya. Ya je Denmak a 1931 ya ga makarantun manoma na can, ya dawo a 1932 shi da abokinsa Don West suka buɗe makarantar Highlander a Monteagle. Ba jarrabawa, ba maki. Mutane su zo su yi 'yan kwanaki ko 'yan makonni, a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a garinsu, a tattauna, ranar tashi kuma a tambayi kowa me zai yi in ya koma. Shekara ashirin na farko da masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi aiki. Tun a shekarun 1940 suke zaunar da baƙar fata da farar fata a tebur ɗaya su ci abinci, alhali dokar jihar ta raba su.

Abu na farko da ya bambanta su da bitar otal shi ne wanda ake kira. Highlander ba ta neman mai sha'awar zama shugaba. Wanda take so shi ne wanda tuni yake cikin wata gwagwarmaya a garinsu, mutanensa suka turo shi, kuma wurinsu zai koma. Misalin da kowa ke kawowa Rosa Parks ce, telar nan ta birnin Montgomery da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas ranar 1 ga Disamba 1955, abin da ya sa baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin bas na garin har kwana 381. Gaskiya ne ta yi mako biyu a Highlander wata huɗu kafin wannan rana. Sai dai masu ba da labarin kamar makarantar ce ta ƙera ta sun yi mata rashin adalci. Tun 1943 take sakatariyar reshen NAACP na garinsu, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, shekara goma sha biyu tana rubuta ƙorafin waɗanda aka zalunta tana bin shari'o'insu. Abin da ta samu a can, kamar yadda ita kanta ta bayyana daga baya, shi ne ganin fari da baƙi suna zaune ba wanda ya fi wani, da kuma ƙarfin halin da ta gani wurin wata malama mai suna Septima Clark. Ruwa ne ya tarar da iri a ƙasa. Mu kuwa sau nawa ake zaɓen masu zuwa bita da cewa wane ɗan gidan wane ne, ko shi ne ya iya Turanci, ko shi ne ke kusa da wanda takardar ta faɗo hannunsa?

Inda littafin ya fi daɗi, ya kuma fi amfani, shi ne labarin tsibirin Johns a jihar Carolina ta Kudu, kuma zan ba da shi da ɗan faɗi. A wancan zamani ana tsare baƙar fata daga rajistar zaɓe da jarrabawa: sai ya karanta wani sashe na kundin tsarin mulkin jihar a gaban jami'i, manyan tsibirin kuwa da yawa ba su yi karatu ba. Akwai wani direba, Esau Jenkins, mai bas da ke kai ma'aikata birnin Charleston kullum. Wata fasinjarsa, Alice Wine, ta ce masa in zai taimaka mata ta haddace sashen za ta je ta yi rajista. Ya sa aka buga shi a takarda ya riƙa raba wa fasinjoji, ana tafiya ana bita. Ta haddace, ta je, ta samu. Amma hadda daban, karatu daban, kuma bas ɗaya ba zai ɗauke tsibiri ba. Da Septima Clark ta ja shi zuwa Highlander a 1954, aka zo zagayen faɗin damuwa, sai ya ce shi makarantar manya yake so.

Ku duba yadda aka tsara ta. Highlander ta ba da rancen dala 1,500 aka sayi wani tsohon gini. Gaba aka yi kantin ƙungiyar gama-kai ana sayar da kayan masarufi, aji kuma yana ɗakin baya inda mai wucewa ba zai leƙo ya gani ba. Da ribar kanti aka riƙa biyan bashin. Aka sa karatu da dare, sau biyu a mako, a watannin sanyi da aikin gona ya yi sauƙi. Sannan babbar magana, wa zai koyar? Ba a ɗauki malamin makaranta ba, don gudun kada ya riƙe dattawa kamar 'yan aji ɗaya kunya ta kore su. Aka ɗauko Bernice Robinson, mai gyaran gashi, mu ce mai kitso, 'yar uwar Septima Clark, wadda ba ta taɓa koyarwa a makaranta ba. Mutane sun saba sakin jiki su yi magana a gabanta. Abincinta kuma daga hannun baƙaƙen fata 'yan uwanta yake fitowa, babu Baturen da zai kore ta daga aiki. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, domin ita Septima Clark a 1956 aka sallame ta daga koyarwa bayan shekara arba'in tana yi, don kawai ta ƙi fita daga NAACP.

A Janairun 1957 aka fara da mutum 14, kafin a rufe zangon sun kai 37. Bernice ta ajiye littattafan yara da ta zo da su, ta tambayi ɗalibanta me suke so su iya. Suka ce rubuta sunansu, karanta wasiƙa, cike takardar aika kuɗi ta gidan waya, da wancan sashe na kundin mulki. Su ba ta labarin aikinsu na yini ta rubuta, labarin ya zama abin karantawa. A bango ta manna Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce wannan za su karanta kafin a tashi. Ba da darasin "shugabanci" aka fara ba. Amma da aka ga mutane suna cin rajista, sai na tsibiran maƙwabta, Wadmalaw da Edisto, suka nemi a buɗe musu nasu, aka riƙa samo malamai daga cikinsu, har a 1961 aka miƙa shirin ga ƙungiyar Martin Luther King ya bazu a jihohin kudancin ƙasar. Da yawa daga cikin shugabannin ƙauyuka da suka riƙe gwagwarmayar har dokar zaɓe ta 1965 ta kawar da jarrabawar nan, daga irin waɗannan ɗakuna suka fito.

Labarin Freire ya yi kama da wannan, shi ya sa aka haɗa su. A Birazil ma wanda bai iya karatu ba ba ya zaɓe, doka ce da ba a cire ba sai 1985. A 1963 a garin Angicos, shi da ɗaliban jami'a suka koya wa kimanin mutum 300 karatu cikin awa 40 na darasi. Dabararsa ita ce a shiga cikin mutane a saurari kalmomin da suke rayuwa da su, kamar "bulo" ga magina, a yayyanka kalmar gaɓa-gaɓa a haɗa sababbi da ita, a kuma tattauna wa ke buga bulon, wa ke kwana a gidan da aka gina da shi. Sojoji suka yi juyin mulki a 1964, suka tsare shi kwana 70, ya yi gudun hijira bai koma gida da zama ba sai 1980. Ita ma Highlander a 1959 'yan sanda suka kai mata samame, a 1961 jihar Tennessee ta ƙwace filinta da gine-ginenta bayan ta soke lasisinta, sai da ta sake rajista da sabon suna a Knoxville. Ban taɓa jin an kai wa bitar otal samame ba.

Da a ce hirar yabon juna ce kawai da ban kawo ta nan ba. Akwai wurin da suka saɓa, kuma saɓanin ya shafe mu. Horton ya raba aikin ilimantarwa da aikin shirya gwagwarmaya. A ganinsa mai shirya gwagwarmaya burinsa a ci nasara a kan abin da aka sa gaba, ko mutane sun fahimta ko ba su fahimta ba. Mai ilimantarwa kuwa burinsa mutane su iya yanke shawara da kansu, ko da za a faɗi a wannan karon. Ya ba da labarin wani yajin aiki da ya rikice, 'yan kwamiti suka rasa mafita, suka matsa masa ya gaya musu abin da za su yi. Ya ƙi, a kan cewa in ya faɗa yau, gobe ma sai sun nemo wani ya faɗa musu. Har ɗaya daga cikinsu ya zaro bindiga, bai sauya ba. Haka kuma yana ɗari-ɗari da shugaba mai zaƙin baki, domin shi kansa ya taɓa ɗanɗana yadda taro ke motsi da maganarsa, abin ya ba shi tsoro. Freire bai karɓi rabon nan gaba ɗaya ba. A wurinsa shirya gwagwarmaya ma makaranta ce, kuma malami ba shi da ikon ɓoye abin da ya sani ko abin da yake gani da sunan girmama mutane. A fara daga abin da suka sani, na'am, amma kada a tsaya a nan.

A wannan gaɓa ni ina bayan Freire. Labarin bindigar yana da daɗin ji, amma mu tuna Horton baƙo ne a garin da ake yajin. In an tashi zai koma kan dutsensa, masu iyali ne za su kwana da yunwa. A tarbiyyarmu shawara amana ce, wanda aka nema a wurinsa cikin tsanani ya ba da ita, a sa ta cikin sauran a auna. Kuma akwai abin da da'ira ba za ta haifar ba ko an kwana ana zagayawa. Dattawa ashirin na Sabo, duk hikimarsu, ba za su zauna su gano da kansu cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40 ba, ko cewa sashe na 43 ya ba kowane ɗan Najeriya ikon mallakar fili da gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Don adalci, shi ma Horton bai hana a kawo masani ya ba da irin wannan bayani ba, abin da ya ƙi shi ne masani ya yanke hukunci, kuma a nan ya yi gaskiya. Bayan an ji dokar, shawarar ko a je kotu, ko a nemi sulhu, ko a haƙura, ta masu abin ce, domin su za su ci gaba da zama da maƙwabtan. Tsoronsa na mai zaƙin baki kuwa, wallahi mun san shi. Kowane zaɓe sai mun ga wanda ya iya riƙe lasifika ya naɗa kansa jagoran matasa, bayan an rantsar da gwamnati a neme shi a rasa.

Littafin yana da nasa rauni. Mutanen biyu suna girmama juna har ya yi yawa, da an fara taɓo saɓani sai wannan ya yabi wancan a wuce. Akwai mai jefa tambaya daga gefe, amma ba ya matsa su. Ana maimaita magana kamar yadda hirar tsofaffi ta gada. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne, aikin da ya fi kowanne suna a tarihin Highlander mata biyu da direban bas ne suka ɗauke shi a kansu, amma a nan ta bakin Horton muke jin su. Septima Clark ta mutu ranar 15 ga Disamba 1987, a watan da aka naɗi hirar. Ta bar nata bayanin a littafinta Ready from Within na 1986, inda ta faɗi ƙarara yadda mazan da ke jagorancin gwagwarmayar ba su ɗauki maganar mata da nauyi ba. Wanda ya karanta hirar nan bai karanta nata ba, rabin labari ya ji.

Maganar kuɗi ma ba ta samu wurin da ya kamace ta ba. Highlander da gudummawar masu hannu da shuni da gidauniyoyin arewacin Amurka ta rayu, dala 1,500 ɗin nan daga wani wuri ta fito. Mai karatu a Sabo da zai ɗauka da'ira da kyakkyawar niyya sun isa, zai sha mamaki ranar da aka zo biyan haya da man janareto. Ni kantin gaban nan ne ya fi burge ni. Haka nan ba ko'ina dabarar Freire ta ci ba. Bayan Gini Bisau ta samu 'yanci an gayyace shi a 1975 ya taimaka da yaƙi da jahilci, gwamnati ta zaɓi a yi da harshen Fotugis wanda yawancin mutanen karkara ba sa ji, aikin bai yi nisa ba.

To mu fa? A Najeriya ba a hana kowa zaɓe don bai iya karatu ba, dangwale ake yi. Ƙofar da ta tsare mutanen tsibirin Johns ba ita ce ta tsare mu ba, namu ƙofofin daban ne. Takardar haya da ake sa wa hannu ba a san abin da ke ciki ba. Rasit na haraji da ba a bambance na gaskiya da na bogi. Mayar da katin zaɓe daga Sakkwato ko Katsina zuwa mazaɓar da mutum ya shekara ashirin yana zaune. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo, amma in ya zo neman gurbin karatu ko aiki a ce ya tafi "garinsu" ya kawo takardar asali. Wanne ne a ciki zai fito da magidanci daga gidansa da dare sau biyu a mako? Ba ni zan faɗa ba, ba kuma mai ba da tallafi daga Abuja ba, sai an tambaya kamar yadda Bernice ta tambaya. Darasin Gini Bisau kuma ya ce a tambaya da wane harshe, da wane rubutu. Da yawa daga cikin waɗanda ake rubuta wa "bai yi karatu ba" a fom sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta lissafin kasuwancinsu da ajami. Wanda ya zo ya fara musu kamar ba su taɓa riƙe alƙalami ba, ya kore su tun daren farko. Wani kuma boko ba shi ne damuwarsa ba, Yarbanci yake so mai kyau wanda zai tsaya da shi gaban Baale ko Iyaloja ya faɗi maganarsa ba tafinta.

Sabo ba ta taɓa rasa hanyar renon shugabanni ba. Abner Cohen, masanin nan daga Ingila da ya yi bincike a unguwar nan a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsayu a kan masu gida: su ke saukar da fatake, su ajiye musu kuɗi, su tsaya musu a bashi. Yaro ya taso a hannun maigida, ya zama dillali, in ya riƙe amana wata rana shi ma ya zama maigida. Makaranta ce babba, ita ta fitar da mutanen da suka riƙe unguwar tun kafuwarta a 1916. Sai dai waya da tura kuɗi ta banki sun rage mata ƙarfi, matasan da ke sauka yanzu da babur ko baro ko akwatin shushaina yawancinsu ba su da maigida irin na da. Kuma ita biyayya take koyarwa, ba ta koya wa yaro tambayar dalili.

Da'ira irin ta Horton za ta ci karo da wannan. A majalisarmu yaro ba ya magana gaban dattijo, mace kuwa ba ta zama ma. In aka tara kowa wuri ɗaya, mutum uku ne za su yi magana, saura su ce "haka ne, ranka ya daɗe". Ba sai an rushe ladabi ba, raba zaman za a yi. Mata suna da abin koyi na gida: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta riƙa naɗa jajoji, dattawan mata daga ƙauyuka, su zo wurinta su koya, su koma su koyar da 'yan uwansu. Tsarin 'Yan Taru da na tsibirin Johns ɗaya ne a wannan fuska, malama daga cikin masu koyo, kuma namu ya riga nasu da fiye da shekara ɗari. Mai kitso, mai lalle, ungozoma, malamar Islamiyya, su ne Bernice ɗinmu. A ɓangaren maza, mai shayi da wanzami da tela sun fi mai digiri jin abin da ke gudana.

Makaranta irin wannan in ta yi aiki za ta ɓata wa wasu rai, kuma ba duka a waje suke ba. Akwai masu cin abinci da rashin sanin mutanenmu: mai karɓar kuɗin "beli" ya raba da wani, mai sayar da ƙuri'un unguwa a dunƙule kamar buhun albasa. Ranar da mutum ɗari suka iya karanta takardarsu da kansu, kasuwar waɗannan ta faɗi, kuma ba za su yi shiru ba. Za a ce yara sun raina manya. Shi ya sa tun farko sai an nemi albarkar sarakunanmu da limamai, a nuna musu nauyi ake so a rage musu.

Sai teburin cin abincin Highlander, wanda a ganina mun fi buƙatarsa fiye da dabarar koyar da baƙaƙe. Mu baƙi ne a idon wasu ko da an binne kakanninmu a nan, kuma ajin da zai koya wa Bahaushe haƙƙinsa shi kaɗai, bai san maƙwabcinsa ba, yana iya ƙara wa katanga tsayi. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 bai bar zukatanmu ba. Ƙaramar hatsaniya ta zama asarar rayuka da ƙona rumfuna da gidaje, aka rufe kasuwa, har gwamnonin Arewa suka zo Badun. Tsakanin faɗan farko da tashin wuta akwai kusan kwana guda. A irin wannan tazara gwamna yana nesa, abin da ke aiki shi ne mutum talatin a wannan ɓangare da talatin a wancan da suka san sunan juna, suna da lambar juna. Bahaushe mai tumatir da Bayarabiya mai barkono rasit ɗaya ake yanka musu, kwata ɗaya ce ke cika musu rumfa da damina. Ajin da ya fara daga kwatar nan zai iya zaunar da su a benci ɗaya.

Wanda zai nemi littafin, shawarata ya fara da ƙarshen babi na biyu inda labarin tsibirin yake, ya wuce babi na uku inda suka yi gardama. Tarihin yarintarsu da ke farko da tunane-tunanen da ke ƙarshe za su iya jira. In kuma a ƙungiya za a karanta, a sami mai fassarawa da baki shafi biyu-biyu, a riƙa tsayawa ana musu a kai.